Daminar da aka sauya mini ƙashin ƙugu

Da sunan Allah, wanda ya kwantar da ni kuma ya tashe ni.

Sunana Sahabi. Ni mai fito ne, ɗan mai fito, a wata tashar jirgin ruwa da ke bakin Kwara cikin ƙasar Bagudo, ba nisa da iyakar Benin. Shekaruna sun haura sittin. Masu jirage na tasharmu sun daɗe da ɗora mini shugabancinsu, Ciyaman suke ce mini. Ba wata sarauta ba ce. A da, ranar kasuwa ina tsaye a gaɓa tun safe, ina raba layi, ina raba faɗa, ina duban yadda jirgi ya zauna cikin ruwa. In na ce ya isa, ko buhun albasa ɗaya ba a ƙarawa. Tun da na tashi daga jinya mutane ke tare ni a ƙofar masallaci, wannan ya ce ƙugunsa, wancan ya ce na tsohuwarsa. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda tawa ta kasance, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ciwon ya fara ne a matse-matsina na dama, yana saukowa har gwiwa. Na daɗe ina zaton gwiwar ce, ita nake ta ɗaurewa da tsumma. Wannan shi ne gargaɗina na farko: ciwon ƙugu yana iya ɓuya a gwiwa. Da safe ƙafar takan yi tauri sai na ɗan zaga gida ta sake. Daga baya ta daina saki. Na fara ɗingishi, na fara neman abin dafawa in zan shiga jirgi, ni da nake tsallakawa daga wannan jirgi zuwa wancan ba tare da na duba ƙasa ba.

Kowa ya ce sanyi ne, tun da rayuwata duk a ruwa na yi ta. Mai kemis ya yi mini allurai, in samu sauƙin kwana biyu ciwo ya dawo. Wanzami ya yi mini ƙaho. Ƙanena Dantani, wanda shi ma jirgi gare shi a tasharmu, ya ji labarin wani mai magani a tsallaken iyaka, ya ɗauke ni a babur muka bi wata hanya mai ramuka. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya ba ni mai na shafawa da saiwoyi na sha. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya yi. Sai dai jijjigar babur ɗin nan ta kwantar da ni kusan mako.

Matata Kulu ce ta kawo ƙarshen yawon. Wata safiya ta shigo ɗaki ta same ni zaune a bakin gado, wando a hannu, na kasa ɗaga ƙafa in zura. Na yi maza na ajiye shi kamar ina neman wani abu a aljihu.

Ta ce, "Malam, mi ya rage da ba mu gwada ba?"

Na ce, "Sauƙi na Allah ne."

Ta ce, "Na Allah ne. Asibitin ma nashi ne. Na kira ɗiyarka, gobe tana tahe."

Ɗiyar tamu Luba malamar makaranta ce a Kamba. Ba ta zo da shawara ba, da mota ta zo.

A Birnin Kebbi muka fara. Mun isa da hantsi muka tarar layin kati ya fito har waje. Luba ta shiga layi, ni na zauna a benci. Zama ya gagare ni, tsayuwa ta gagare ni, haka na wuni ina tashi ina zama. Sai bayan la'asar muka ga likita, ya rubuta hoto, masu hoton kuma suka ce sun tashi. A nan zan yi ƙorafi: mai ciwon ƙashi da ya taso daga nesa bai kamata a ce masa ya je ya dawo kamar gidansa na bayan katanga ba. Mun kwana gidan wani abokin mijin Luba, kashegari aka yi hoton.

Likitan ya ɗaga shi wajen hasken taga ya nuna mini. Na hagu, kan ƙashin a dunƙule sumul. Na dama kuwa kamar goruba da yaro ya gama gwaguya. Ya ce, "Baba, wannan ba sanyi ba ne. Kan ƙashin ya cinye, ƙashi ne ke gogar ƙashi." Maganar nan ta zauna mini. Duk takun da na yi bayan nan, sai in ji kamar ina jin ƙarar gugar. Ya ce magani ba zai mayar da abin da ya tafi ba, sai dai a yi aiki, a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe. Ya tura mu wani asibiti a Sakkwato.

Da labari ya isa gida, dangi suka cika zaure. Wata gwaggona ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda aka yanka a ƙugu ya sake tafiya ba. Dantani ya ja ni gefe, fuskarsa duk damuwa.

Ya ce, "Yaya, ka yi tunani. An ce mai ƙarfe a jiki ba shi shiga ruwa da damina. Tsawa na bin ƙarfe."

Ban yi dariya ba, don ni ma abin ya tsaya mini. Daga baya da muka je, na tambayi likitan Sakkwato. Bai raina tambayar ba, ya ce, "Baba, injin jirginka ya fi wannan ƙarfen girma nesa, kuma kullum kana zaune kusa da shi."

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ba, aikin yana da tsada. Na sayar da ƙaramin jirgina da injinsa, Luba da mijinta suka kawo nasu, mutanen tasha suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Wanda zai je ya sani ba kuɗin aiki kaɗai ba ne. Akwai mota, akwai abincin masu jinya, akwai magani da auduga har safar hannu da za a ce ka saya a waje.

Kafin tafiya na tara masu jirage a gindin bishiyar tasha. Damina ta kama, ruwa ya fara hawa, lokacin da tasha ta fi bukatar mai tsawatarwa. Kowa ya zaci Dantani zan bar wa riƙo. Na ba Gado, wani mai jirgi da bai wuce arba'in ba, marar yawan magana, wanda na lura ba ya jin kunyar ce wa babban ɗan kasuwa a'a. Na ga yadda Dantani ya sunkuyar da kai.

A Sakkwato an ɗaga aikin sau biyu. Na farko jinina ya hau, na biyu aka ce sai an tanadi jini. Kulu tana kwana a tabarma a barandar asibiti tare da matan wasu majinyata, da safe ta shigo da kunu tana murmushi kamar a ɗakinta ta kwana. Muna cikin tunanin inda za a samo jini, sai ga Gado da Dantani da wasu mutum uku sun sauka daga mota. Cikinsu har da Musa, wani Badande daga ɓangaren Benin da ke fito tare da mu, wanda tsoron allura ya sa ko rigakafi ba ya yarda a yi masa. Ya miƙa hannu ya rufe ido yana salati. Har yau ban san jinin wa ke yawo a jikina ba, kuma ban tambaya ba.

Ranar aiki allura aka yi mini a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu. Ban ji zafi ba, amma ina jin bugun guduma, irin na ranar da ake gyaran jirgi a gaɓa. Na yi ta karanta abin da na iya har barci ya ɗauke ni.

Kashegari, ina kwance ina ganin kamar wata guda zan yi ban motsa ba, sai ga mai gashin ƙashi, wata dattijuwa 'yar Zuru, ta turo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu gaban gadona.

Ta ce, "Baba, yau za mu tashi."

Na ce, "Jiya fa anka yanka ni."

Ta ce, "Na sani. Zai yi zafi a nan da nan." Ta nuna wuraren da yatsa. "Kanka zai juya, kada ka ji tsoro, zai wuce. Ni ina wannan gefen."

Duk abin da ta faɗa haka ya faru. Da na miƙe na ɗage ƙafar dama sama kamar zakara cikin ruwa. Ta ce, "Taka ta. In kana tausayinta ba za ta koyi ɗaukarka ba." Na taka. Na ji zafi har hawaye, amma ƙafar ta tsaya. Matar nan ba ta taɓa ce mini ba zafi ba, ba ta taɓa jana ba, kuma kullum a gefen da na fi rauni take tsayawa. Ban taɓa yarda da umarnin wani kamar yadda na yarda da nata ba. Ina kwance na yi ta tunanin dalili, na ga don ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba ne.

Ta ba mu dokoki kafin sallama. Ba tsuguno, ba zama a tabarma ko ƙaramar kujera, ba harɗe ƙafa, ba sunkuyo, matashi tsakanin cinyoyi in zan kwanta. In aka karya, sabon ƙashin yana iya gocewa daga mazauninsa. Ga mutumin ƙauye wannan kusan rayuwarsa duka aka hana shi. Wanda za a yi wa aikin nan ya shirya gida tun kafin ya tafi. Mu sai da muka dawo aka ɗaga gado da bulo, kafinta ya ƙera mini doguwar kujera mai rami don bayan gida. Salla kuwa a kujera, da nuni.

Makon farko a gida shi ne na kunya. Lokacin azahar na ɗauki buta na yi alwala har na zo ƙafa, sai na tsaya. Hannuna ba ya kaiwa, kuma an hana ni sunkuyawa. Kulu tana tankaɗe a gefe. Ta karkaɗe hannu ta zo ta durƙusa, ta karɓi butar. Ta wanke ta dama a hankali, tana bin tsakanin yatsu, sannan ta hagu. Shekara kusan arba'in muna tare, ba ta taɓa riƙe ƙafata ba sai ranar. Na kau da kai don kada ta ga idona.

Na ce, "Kulu, na zame miki aiki."

Ta ce, "Ƙafafun ga su sunka ciyar da gidan ga. Bari in san su." Ta ɗan matsa diddigen. "Kai, Malam, wannan kaushi sai ka ce bayan kada."

Muka yi dariya har ɗinkin ya ja ni. Daga ranar, sau biyar a yini tana zuwa da buta ba sai na kira ba.

Mako na biyu ƙafa ta kumbura, ɗinki ya yi ta ƙaiƙayi. Wani ma'aikacin asibitin garinmu yana zuwa wanke ciwon, Allah ya saka masa, ko sau ɗaya bai makara ba. Ina zagaya tsakar gida da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, daga ɗaki zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure. Mako na uku jiki ya fara sauƙi, zuciya kuma ta ƙi. Ba wanda ya gaya mini wannan, shi ya sa nake gaya muku. Abinci ya fita raina, ƙaramin abu ya sa ni faɗa. Ranar kasuwa ina jin kukan injuna daga bakin ruwa, ina gane na kowa, ni kuwa ina zaune da matashi. Na ji kamar an yi jana'izata an manta ba a gaya mini ba.

Cikin wannan hali ne, wata ranar kasuwa da la'asar, na ji hayaniya a zaure. Dantani ne da masu jirage kusan rabin tasha. Na fito ina tura ƙarfena, aka kawo mini doguwar kujera.

Dantani ya ce, "Yaya, ka ga abin da yaronka Gado ya yi? Hadari ya taso gabas, ya ce ba jirgin da za shi tashi. Munka zauna, fasinja sunka zauna, masu kifi da masu tumatir kayansu na lalacewa. Hadarin ko ɗigo bai yi ba, ya bi ta Benin ya wuce. Kasuwa ta ci rabi kafin ya sake mu."

Wani ya ce, "Ciyaman, da kai ne da ba a yi haka ba. Kai ka san hadarin da ke zuwa da wanda ke wucewa. Ka karɓe abinka, ko daga nan ne ka riƙa ba da umarni."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Mako uku ba wanda ya bukace ni, yau ga zaure cike. Kuma yadda suka kwatanta hadarin, ina jin da ni ne da na bar jirage sun tashi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna daga wannan kujera ba na ganin ruwa, ba na ganin sama sai ɗan abin da ƙofar zaure ta nuna mini. In na rushe hukuncin Gado yau, gobe in hadarin gaske ya taso ya ce a tsaya, wani zai ce bari a aika gidan Ciyaman. Kafin ɗan aike ya dawo, jirgi na tsakiyar Kwara da mata da yara.

Na ce, "Wa ya nutse yau?"

Aka ce ba kowa.

Na ce, "Asarar da kunka yi na ji ta, kuma ba ƙarama ba ce. Amma ni na ba Gado tasha a gabanku. Abin da ya ce, ni na ce. Mai ƙara ya kai mashi can bakin ruwa. Nan gidan majinyaci ne, wanda ya zo gaisuwa ga tabarma."

Wasu suka fita ransu a ɓace. Dantani ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Ko ni, Yaya?" Na ce, "Kai ne na farko, don kai suka kallo." Ya daɗe yana dubana, sannan ya dawo ya gyara mini matashin da ya zame, ya fita.

Bayan magariba Gado ya zo shi kaɗai. Ya zauna nesa, ya cire hula yana juya ta a hannu. Ya ce ya zo ya mayar da riƙo, tun da ya jawo wa mutane asara. Na ce ya matso. Na gaya masa gaskiya, cewa ni da na bar su sun tashi, na kuma gaya masa alamun da nake dubawa: inda iska ta fito, da launin ruwa, da yadda tsuntsayen gaɓa ke yi. Ya saurara. Sannan ya ce abin da ya tsayar da shi, jirage biyu na farko a layi cike suke da mata masu goyo, ya ga in ya yi kuskure ta wannan gefen ba gyara. Na ce, "To ka riƙe wannan. Sauran za ka koya, ni ma a bakin ruwa na koya. Gobe ka tahi ka tsaya inda nika tsayawa." Ya mayar da hularsa.

Daga ranar zuciyata ta sauka. Na koma cin abinci. Na bar ƙarfe mai ƙafa huɗu na koma sanduna biyu, daga nan sanda ɗaya. Da muka koma Sakkwato aka sake hoto, likita ya ce ƙarfe ya zauna daram.

Sai da kaka ta yi na koma tasha. Mutane suka taso da murna, Musa har da rungumata. Na nufi jirgina, a nan na tsaya cak. Gaɓar tasharmu gangara ce mai santsi, daga ita sai ka taka laka, sannan ka ɗaga ƙafa sama ka haura bakin jirgi. Tun ina yaro nake bin ta a guje, ban taɓa ganinta a matsayin wani abu ba. Yau ga ni da sanda ina dubanta kamar bango. A gefena wata tsohuwa 'yar tsallake, da ƙullin kaya a ka, ta zauna a ƙasa tana jan jiki da mazaunai tana sauka. Na tambaye ta ko kullum haka take yi. Ta ce tun da ƙafafunta suka gaza, ai ba wata hanya.

Na kira Gado, don shi ke riƙe da tasha, na ce ina da roƙo. Cikin mako guda aka sare gangaren aka yi matakala da buhunan yashi, aka kafa itace na dafawa a gefe, aka samo faffaɗan katako da ake jinginawa a bakin jirgi. Gado ya ƙara da nasa, cewa tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya su fara shiga kafin kaya. Dantani da kansa ya kafa itacen. Da na karɓi shugabanci daga baya, ban karɓe duka ba. Ranar kasuwa Gado ke tsayawa a gaɓa, ni ina zaune a doguwar kujerata gindin bishiya, mai magana ya same ni.

Ranar da aka gama matakalar na ce Kulu ta zo ta gani, mu haye tsallake gaida 'yar'uwarta. Na riga ta sauka, na juyo ina jiranta. Sai na ga tana saukowa a karkace, ta kama itacen da hannu biyu, tana sauke ƙafa ɗaya ta jira, sannan ɗayar, tana cije leɓe. Na san wannan saukar, irin tawa ce.

Na ce, "Kulu, tun yaushe?"

Ta ce, "Ba komi, Malam, gajiya ce."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta dubi ruwa. Ta ce gwiwoyinta ne, tun kafin mu tafi Sakkwato. Ta ga gida ba zai ɗauki majinyata biyu ba, sai ta yi shiru. Da waɗannan gwiwoyin ta kwana a siminti, da su ta yi ta durƙuso gabana da buta wata da watanni, ni kuwa ina ta lissafin nawa ciwon.

Ba mu haye ba ranar. A makon na kai ta asibiti, ni na shiga layi ita ta zauna. Likita ya ce an zo da wuri, ba sai an yi aiki ba, ya ba ta magani da motsa jiki, ya hana ta durƙuso da ɗaukar nauyi. Don haka gargaɗina na ƙarshe ga duk wanda Allah ya kwantar: ka riƙa duban mai jinyarka, ka tambaye shi jikinsa, kuma kada ka karɓi amsar farko.

Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka, da wanda ya ba da jini, da wanda ya zo da magani ko bai yi aiki ba. Masu ciwo Allah ya ba su lafiya.

Yanzu kullum bayan hantsi ni da Kulu muna fita tafiyar da likita ya sa mu, daga ƙofar gida zuwa bakin fadama. Mutanen gari sun gaji da kallo sun bari. Ni na fi ta sauri yanzu, sai in riƙa tsayawa ina gyara hula ko ina duban shinkafar mutane har ta iso. Jiya ta cim mini tana haki, ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Malam, na san ba shinkafa kaka kallo ba."

Na ce, "Huta dai. Ba inda za mu."